Abin Da Ya Faɗo Gefena

Itacen tuffar na Fañch ne.
Rabona a ciki inuwa ce, da ganyen da ke toshe mini magudana.
Shekara goma sha ɗaya ba mu ce wa juna ƙala ba,
tun ranar da karensa ya tone mini albasa,
na faɗi magana, ya faɗi wadda ta fi ta zafi.

Amma reshe bai san iyaka ba.
Kowace kaka, idan iskar teku ta taso daga Douarnenez
a tsakar dare, ina kwance nake jin su,
tim, can kuma tim,
suna faɗowa gefena na katanga.
Shekara goma ina sharewa in kai wa kajin Nolwenn
don kada a ce na ci nasa.

Bana gwiwata ta ƙi shara.
Na durƙusa na tsinci bakwai a bakin riga.
Biyu tsutsa ta riga ni,
ɗaya da zanzaro a ciki, ya fito yana tangaɗi kamar mashayi.

Na fere su a gindin taga, na yanka ƙanana.
Sukari a tukunya, ba ruwa, ba cokali.
Mahaifiyata takan ce sukari a kan wuta mai fushi ne,
kada ki taɓa shi, kada kuma ki yi nisa.
Fari ne, sai ya koma ruwan zuma,
sai launin ganyen da ke bakin ƙofa,
daga nan zuwa ɗaci kiftawar ido ce.

Na farko ya ƙone.
Taga nake kallo.
Ya fito da tsani ya jingina a jikin itacen,
ya ɗaga kai, ya daɗe yana duban sama,
ƙafa ɗaya a kan matakin farko.
Bai hau ba.
Ya ja tsanin ya mayar, yana hutawa a hanya.

Na kankare tukunya na sake.
Wannan karon na tsaya a kansa.
Man shanu mai gishiri ya faɗa ciki, karamel ya yi tsaki,
ya tofa mini ɗigo a wuyan hannu, tabon na nan.
Fulawa, ƙwai ɗaya, kirfa a bakin wuƙa,
tuffar nan mai tsami na kife a kai,
na cuɗa da hannu, don cokali ba ya jin abin da hannu ke ji.

Biskit goma sha takwas suka fito daga tanda,
babu biyu masu kama da juna,
gefensu ya yi duhu inda karamel ya tsere ya daskare.
Ƙamshin ya cika ɗaki ya fita ta ƙarƙashin ƙofa.
Shi ma bai san iyaka ba.

Taku ashirin da uku ne daga ƙofata zuwa tasa.
Na ƙirga, faranti na ƙona mini tafi.

Ya buɗe. Ya rame.
Igiyar karen na rataye a ƙusa,
karen kuwa shekara shida ke nan a ƙasa.

Na ce, "Naka ne. Gefena suka faɗo."

Ya ɗauki ɗaya, ya tauna da gefen da ke da sauran haƙora,
a hankali, kamar alƙali na sauraron shaida.
Ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan, Soazig."
Na ce, "Tuffarka ce ta cika tsami."

Ya ɗauki na biyu.
Yayyafi ya fara, bai ce in shigo ba,
ya dai matsa daga bakin ƙofa.
Ya ce na can ƙololuwa sun fi zaƙi,
da akwai mai riƙe tsani.

Ban ce to ba.
Na dai ce ranar Asabar
gwiwata takan ɗan yi sauƙi.